Yadda kiran salula ke fita da yadda yake shigowa: bayani daga misalin Dungu

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ke gudana tsakanin lokacin da mutum ya danna lamba a wayar salula da lokacin da wayar wanda yake nema ta yi ƙara. Daƙiƙu ƙalilan ne, amma a cikinsu na'urori da dama suke musayar tambayoyi da amsoshi, bisa wani tsari da ba ya sauyawa. Mun ɗauki Dungu, ƙaramar hukumar karkara da ke cikin gundumar Kance, kusa da Matamai, a jahar Damagaram, a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, yanki ne na masu tafiya: ƴan cin rani da fatake suna zuwa Daura da Kano, wasu kuma suna nausawa arewa har Agadas da Aljeriya, don haka gidaje da yawa suna jiran kira daga nesa. Na biyu, gundumar tana bakin iyakar Nijeriya, inda rezon ƙasashe biyu ke haɗuwa.

Abin da muke so mu nuna shi ne bambancin da ke tsakanin kira mai fita da kira mai shigowa. A kira mai fita, wayar ce take gabatar da kanta, don haka rezo bai da wahalar sanin inda take. Kira mai shigowa kuwa cigiya ce, domin lambar salula ba ta faɗin inda mai ita yake. Yawancin abubuwan da masu waya ke kuka da su a wannan yanki, kamar rashin samun mutum, da tsadar kira a ƙetaren iyaka, daga wannan bambanci suka samo asali. Za mu tsaya kan tsarin GSM, domin tsarin 3G da ya biyo bayansa ya gaji mafi yawan dabarunsa na haɗa kira.

2. Taƙaitaccen tarihi

Sunan GSM ya fito ne daga wani kwamiti mai suna Groupe Spécial Mobile, wanda hukumomin wasiƙu da tarho na ƙasashen Turai suka kafa a 1982. An yi kira na farko da wannan tsari a ƙasar Finlan a 1991. Shekara 10 bayan haka, wato a 2001, tsarin ya iso Nijar da Nijeriya. A Nijar, kamfanin Celtel ya fara aiki a 2001, ya koma Zain a 2008, sa'an nan Airtel a 2010. Telecel ya zama Moov daga baya. An haɗe SahelCom da Sonitel a 2016 aka samu Niger Telecom, yayin da Orange Niger, wanda ya fara aiki a 2008, aka sayar da shi a 2019 ya koma Zamani Telecom.

Tasirin wannan shigowa ya bayyana da wuri a kasuwannin hatsi. Binciken da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta wallafa a 2010 ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, zuwan salula ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wato ɗan kasuwa ya daina hawa mota don ya ji farashin gero. Wannan amfani ya dogara ne kacokan a kan abu ɗaya: idan an kira, a samu.

3. Sassan rezo da sunayen da muka ba su

Kafin mu bi kiran mataki mataki, ya kamata mu gabatar da sassa biyar, tare da kalmomin Hausa da muke ba da shawarar a yi amfani da su.

Turke shi ne dogon ƙarfen da ke ɗauke da eriya, tare da na'urorin rediyon da ke gindinsa. Injiniyoyi suna kiransa BTS. Filin da eriya ɗaya ke kaiwa mun kira shi fage. Daga sunan wannan fili a harsunan Turai, wato cellule da Faransanci, kalmar salula ta fito.

Mai kula da turaku, ko BSC, na'ura ce da ke riƙe da turaku masu yawa, tana raba masu hanyoyin rediyo.

Cibiyar haɗa kira, ko MSC, ita ce magajiyar ma'aikatan tarho na da, masu haɗa layi da layi da hannu. Galibi a manyan birane ake ajiye ta.

Rajistar gida, ko HLR, kundi ne da kowane kamfani ke da shi, inda aka rubuta duk layukan da ya sayar, da abin da aka yarda kowane layi ya yi, da sunan cibiyar da layin yake ƙarƙashinta a halin yanzu.

Rajistar baƙi, ko VLR, kundi ne da ke manne da kowace cibiya, mai ɗauke da sunayen wayoyin da ke yankinta a wannan lokaci.

Dangantakar rajistocin nan biyu ta yi kama da tsarin fatauci na da. Falke yana da gidan ubansa, yana kuma da mai masauki a garin da ya sauka. Mai neman falke yakan fara zuwa gidan uban, a ce masa yana Kano wurin wane, mai masaukin kuma shi ya san unguwar da baƙonsa ya shiga yau. Gida ya san gari, mai masauki ya san unguwa.

Akwai kuma lambobi iri biyu da bai kamata a haɗa su ba. Ta farko ita ce wadda jama'a suka sani: 227 na Nijar, sai alƙaluma 8. Ta biyu, mai suna IMSI, tana cikin katin SIM, alƙalumanta ba su wuce 15 ba, kuma ukun farko suna nuna ƙasa: 614 Nijar, 621 Nijeriya. A cikin rajistar gida ake ɗaura lamba ta farko a kan ta biyu. Shi ya sa wanda katinsa ya ɓace zai iya karɓar sabo da tsohuwar lambarsa.

4. Abin da waya ke yi tun kafin a kira

Da zarar an kunna waya a Dungu, sai ta saurari iska. Kowane turke yana da wata hanya da yake shela a kanta dare da rana, yana faɗin ƙasarsa, da kamfaninsa, da lambar shiyyarsa. Shiyya tarin fagage ne da aka ba lamba ɗaya. Wayar za ta zaɓi turken kamfaninta da ta fi ji da kyau, ta sanar da zuwanta. Rajistar baƙi ta rubuta ta, ta aika wa rajistar gida labari, ta kuma ba wayar wani laƙabi na wucin gadi, TMSI, domin kada a riƙa ambaton lambarta ta asali a iska.

Daga nan wayar za ta yi shiru. Idan ta sauya fage a cikin shiyya ɗaya, ba ta faɗa wa kowa. Sai ta tsallaka wata shiyya, ko kuma wani wa'adi da kamfani ya yanka ya cika, sa'an nan take sake sanarwa. Dalilin haka tattali ne: da kowace waya za ta yi magana duk lokacin da ta sauya fage, da batir ya ƙare da wuri, hanyoyin rediyo kuma su cika da sanarwa. Sakamakon wannan tattali shi ne rezo ya san shiyyar da waya take, amma bai san fagen ba. Za mu ga muhimmancin wannan a sashe na 6.

5. Kira mai fita

Bari mu ƙaddara wani manomi a Dungu yana kiran ɗansa da ke Damagaram. Ga matakan:

(a) Wayar ta aika wani ɗan gajeren saƙo a kan hanyar da kowa ke da damar shiga, kamar mai yin sallama a ƙofar gida. Idan wayoyi biyu suka yi sallama a lokaci guda, saƙonsu ya gauraye, kowace sai ta ɗan jira ta sake.

(b) Mai kula da turaku ya amsa, ya ba ta wata ƴar ƙaramar hanya ta musayar bayanai. Ba a magana a kan wannan hanya tukuna.

(c) Cibiya ta tantance katin. A cikin kowane katin SIM akwai wani mabuɗi na sirri, wanda kwafinsa ke wurin kamfani. Rezo ya aiko da wata lamba da ya zaɓa da ka, katin ya sarrafa ta da mabuɗinsa, ya mayar da amsa. Idan amsar ta yi daidai da lissafin kamfani, an yarda da shi. Mabuɗin kansa ba ya bi ta iska ko sau ɗaya. Daga wannan lissafi ake fitar da wani mabuɗi na biyu da ake kulle magana da shi tsakanin waya da turke.

(d) Sai yanzu wayar ta faɗi lambar da take nema. Cibiya ta duba ko an yarda layin ya yi irin wannan kira, ta kuma tambayi na'urar lissafi ko da sauran kuɗi a kansa.

(e) Aka ba wayar hanyar magana, cibiya kuma ta tura kiran zuwa ɓangaren wanda ake nema.

(f) Idan wayar ɗan ta fara ƙara, sai a aiko da labari. Sautin da uban ke ji a kunnensa cibiya ce ke yin sa, alama ce kawai cewa can an fara ƙara.

(g) Da ɗan ya ɗauka, wani saƙo ya dawo yana cewa an amsa. Daga wannan lokaci lissafin kuɗi ke farawa.

Game da hanyar magana, akwai abin da ya shafi karkara musamman. A tsarin GSM, kowane zangon rediyo mai faɗin kilohaz 200 an raba shi gida 8 ta fuskar lokaci. Wayoyi 8 suna magana bi da bi, kowace tana samun kimanin kashi 577 cikin miliyan na daƙiƙa, kuma zagayen yana da saurin da kunne ba ya jin yankewa. To amma saƙon wayar da ke nesa yana makara a hanya, zai iya faɗawa cikin rabon wata. Don haka turke yakan umarci waya ta nesa ta riƙa yin sammako. Wannan sammako yana da matakai daga 0 zuwa 63, kowane mataki kimanin mita 550, jimla kimanin kilomita 35. Wannan ita ce iyakar fagen GSM na yau da kullum, ko da ana jin turken fiye da haka. Tun kafin a kai wannan iyaka ma, tudu da kwari da katangar laka suna raunana saƙon, kuma wayar da ke nesa tana ƙara ƙarfinta har wat 2, abin da ke sa batir ƙarewa da wuri a ƙauyukan da cajin ma sai an biya.

Idan manomin ya hau babur zuwa Matamai yana cikin magana, wayarsa tana auna turakun maƙwabta, tana kai rahoton shida mafi ƙarfi kusan kowane rabin daƙiƙa. Mai kula da turaku shi ke yanke shawarar miƙa kiran ga wani turke. Idan babu turken da zai karɓa, kira ya tsinke.

6. Kira mai shigowa

Yanzu mu juya hoton. Wani ɗan cin rani a Kano, da layin Nijeriya, yana kiran mahaifiyarsa a Dungu.

(a) Kamfaninsa ya ga 227, ya tura kiran zuwa Nijar. Alƙaluman farko na lambar suna nuna kamfanin da ya sayar da layin, don haka kiran ya sauka a wata cibiya ta wannan kamfani da ke aikin ƙofa.

(b) Cibiyar ƙofa ba ta san inda uwar take ba. Sai ta tambayi rajistar gida.

(c) Rajistar gida ta duba ta ga cibiyar da ta yi sanarwa ta ƙarshe, ta ce wa rajistar baƙin wannan cibiya ta ba da wata lamba ta aro. Wannan lamba, MSRN, aikinta kawai ta nuna wa kiran hanya, kuma da ya iso ake mayar da ita don wani kiran.

(d) Kiran ya bi lambar aro ya iso cibiyar da ke riƙe da yankin Dungu.

(e) A nan cigiya ke farawa. Kamar yadda muka ce, an san shiyya, ba a san fage ba. Saboda haka duk turakun shiyyar suke shelar laƙabin wayar. Wayar ba ta sauraro kullum: tana barci, tana farkawa a lokacin da aka ware wa rukuninta, ta ji ko an ambace ta.

(f) Idan ta ji, sai ta yi sallama kamar yadda aka yi a kira mai fita. A wannan lokaci ne rezo ke sanin fagenta. Tantancewa da kulle magana su biyo baya, sa'an nan ƙara.

Wannan jeri yana fayyace abin da mai kira ke ji idan ba a samu mutum ba. Wayar da aka kashe ta hanyar da ta dace takan yi ban kwana da rezo, a yi mata alama a rajistar baƙi, don haka mai kira zai ji sanarwa nan take. Wadda aka zare wa batir, ko wadda mai ita ya shiga kwarin da rediyo ba ya kaiwa, ba ta yi ban kwana ba. Rezo zai yi ta cigiya, mai kira ya ji shiru na wasu daƙiƙu, kafin a ce masa ba a same ta ba. Tsawon shirun da kansa labari ne. Rubutaccen saƙo kuwa yana da wata cibiya da ke ajiye shi, ta sake gwadawa idan wayar ta dawo, shi ya sa yakan isa inda kira ya kasa.

Haka kuma, kiran maƙwabci da maƙwabci a cikin Dungu ba ya tsallakawa kai tsaye daga waya zuwa waya. Sai ya je cibiya ya dawo. Idan cibiyar tana Yamai, saƙonnin haɗa kiran sun yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa da dawowa saboda mutum biyu da katanga ta raba. Yankewar babbar hanyar da ta haɗa turke da cibiya tana iya hana kira, ko da turken na tsaye lafiya.

7. Matsalar iyaka

Rediyo bai san iyakar ƙasa ba. A wajen Dan Barto, ko a hanyar kasuwar Mai'aduwa, waya tana iya jin turakun Nijar da na Nijeriya tare. Ƙa'idarta ita ce ta fifita rezon gida. Idan ta rasa shi, sai ta nemi wani. Kamfanin Nijeriya zai ga 614 a katinta, ya tambayi rajistar gida a Nijar, kuma idan akwai yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu, ya rubuta ta a rajistar baƙinsa. Ta haka mutum na iya zama baƙo a lissafin rezo alhali ƙafarsa na ƙasarsa. Maganin wannan shi ne a umarci wayar ta tsaya kan rezon da aka zaɓa da hannu.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. A ce mutumin Dungu ya sauka Kano da layinsa na Nijar, mai gidansa na Kano ya kira shi daga rumfar da ke kusa. Kiran zai je Nijar tilas, domin can rajistar gida take, sa'an nan ya bi lambar aro ya dawo Kano. An tsallaka iyaka sau biyu. Mai kira ya biya zangon farko a farashin ƙetare, zango na biyu kuma bisa al'ada a kan wanda aka kira yake, domin mai kira bai san ya yi tafiya ba. Wannan ne asalin biyan kuɗi don amsa kira a ƙetare, kuma yana cikin dalilan da suka sa waya mai ɗaukar kati biyu ta karɓu a wannan yanki.

Farashin dai shawara ce ta kamfanoni da hukumomi. A 2006 Celtel ya buɗe shirin One Network a gabashin Afirka, ya faɗaɗa shi zuwa Nijar da Nijeriya a 2007, inda mai layinsa ke amsa kira a ƙetare ba tare da ƙarin kuɗi ba. A 2017 CEDEAO ta zartar da ƙa'ida kan sauƙaƙa wannan kuɗi tsakanin ƙasashenta. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka makomar farashi a iyakar Kance da Katsina ta koma kan abin da ɓangarorin biyu suka shirya tsakaninsu.

8. Cunkoso da al'adar bip

Zangon farko na kowane fage ba ya ba da hanyoyin magana 8 cif, domin ɗaya ko biyu suna aikin shela da musayar bayanai. Lissafin da masanin ƙasar Denmak A. K. Erlang ya fitar a 1917 yana nuna yawan kiran da hanyoyi za su ɗauka. Idan an yarda kira 2 cikin 100 su rasa hanya, hanyoyi 7 suna ɗaukar kimanin erlang 2.9, hanyoyi 14 kuma kimanin 8.2. Idan muka ƙaddara kowane mutum yana magana minti ɗaya da rabi a sa'ar da aka fi kira, na farko zai ishi mutum kimanin 117, na biyu kimanin 328. Ninka hanyoyi sau biyu ya kusan ninka amfani sau uku. A nan ake ganin raunin ƙaramin turken ƙauye: ranar kasuwa ko ranar salla, ƙarin jama'a kaɗan ya isa ya toshe shi.

Al'adar bip, wadda ake kira filashin a Nijeriya, ta ginu ne a kan mataki na (g) na sashe na 5. Tun da kuɗi ba ya fara tafiya sai an amsa, mai bip yana isar da saƙonsa kyauta. Amma rezo ya riga ya yi dukan aikin: sallama, tantancewa, tambayar rajista, cigiya, da ware hanyoyi a ɓangarorin biyu.

9. Kammalawa

Mun nuna cewa kira mai fita jeri ne na neman izini, kira mai shigowa kuma jeri ne na tambaya: ƙofa ta tambayi gida, gida ya tambayi mai masauki, mai masauki ya yi cigiya. Sababbin tsare-tsare sun sauya sunayen na'urorin, ba su sauya wannan tunani ba. A tsarin 4G, inda ba a shirya ɗaukar murya ta hanyar intanet ba, waya takan sauko 3G ko GSM don ta yi kira. Kiran WhatsApp ma yana bukatar rezo ya yi cigiyar wayar kafin sanarwarsa ta isa.

Akwai abin da ya rage wa masu nazarin zamantakewa da shari'a. Domin a iya samun mutum, tilas wani kundi ya san inda yake. A 2014, a wani taro a birnin Hambag na Jamus, masana tsaro sun nuna cewa ana iya bi ta hanyoyin SS7, waɗanda kamfanoni ke tambayar juna da su, a gano inda waya take ba da sanin mai ita ba. Wa ke da ikon duba rajistar gida, da wace hujja, tambaya ce da ta shafi uwar da ke jiran kira a Dungu kamar yadda ta shafi hukumar ARCEP a Yamai. Ta fuskar harshe kuma, kalmomin da muka gabatar, wato turke, fage, shiyya, rajistar gida, rajistar baƙi da cigiya, shawara ce da muke so a gwada a aji da gidajen rediyon karkara, a ga waɗanda bakin jama'a zai riƙe.